Ya Doke Ni, Ya Sauya Kwaɗo: Ina Zan Kwana da 'Ya'yana?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti Barista. Ya aiki, ya iyali? Don Allah ki sakaya sunana. Ni 'yar Katsina ce, aure ya kawo ni Gwagwalada shekara tara ke nan. 'Ya'yanmu uku, ƙaramar tana goye. Haya muke, ciki da falo, kuma ina ɗinki a gida. Shekara biyu ke nan ni nake biyan kuɗin hayar da adashin da nake zubawa, saboda kasuwar maigidan ta ja baya, amma sunansa ake rubutawa a rasit tunda shi yake kai kuɗin. Duka kuwa tun ina da cikin na biyu aka fara. Na yi yaji sau biyu, ana biko ina komawa. Makon jiya ya zane ni da bel har idona ya rufe, na gudu ɗakin maƙwabciya da goyona. Da safe na dawo na tarar ya sa sabon kwaɗo. Ya ce in tafi gidan ubana, kuma bai sake ni ba. Keken ɗinkina yana ciki, da ɗinkunan mutane, da takardun yara. Mahaifina ya rasu, mahaifiyata a gidan yayana take, ɗaki ɗaya aka ba ta. Yau kwana shida muna kwana a falon maƙwabciya, mijinta ya fara sauya fuska. Wata ta ce min a Ingila gwamnati ce take ba irina gida. Mu nan fa? Ina da wani haƙƙi a gidan nan, ko in haƙura in tafi?

Wata baiwar Allah, Gwagwalada

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu, Allah Ya ba ki lafiya, Ya saka wa maƙwabciyarki da alheri. Kafin mu taɓa maganar gida, akwai abin da nake so ki yi yau ɗin nan. Ki je asibitin gwamnati a duba idon nan, ki gaya wa likita duka ne. Kada ki ce ƙofa kika buge, kada ki ce santsi ya kwashe ki a banɗaki. Ki karɓi katinki ki adana. Ki sa maƙwabciyarki ta ɗauki hoton fuskarki da na bayanki da wayarta, ta ɗauki hoton sabon kwaɗon ma. Kwana shida sun riga sun tafi, kumburi yana sacewa, kuma ranar da za ki tsaya gaban alƙali fuskarki ta koma sumul, shi kuwa zai shigo da gogaggiyar shadda da carbi a hannu.

Kina da haƙƙi a gidan nan. Wanda ya sa kwaɗon shi ne ya karya doka. Gwagwalada cikin Birnin Tarayya take, saboda haka dokar haramta cin zarafin mutane, wadda ake ce wa VAPP, tana aiki a kanku kai tsaye. Shugaba Goodluck Jonathan ne ya sa mata hannu ranar 25 ga Mayu, 2015, kwana huɗu kafin ya miƙa mulki. Sashe na 9 ya ce wanda duk ya fitar da abokin aurensa daga gida da ƙarfi, ko ya hana shi shiga, ya yi laifi, kuma hukuncinsa ɗaurin da zai iya kai shekara 2, ko tarar da za ta iya kai naira 300,000, ko a haɗa masa duka biyun. Dokar ba ta tambayi sunan wa ke kan rasit ba. Dukan da ya yi miki ma laifi ne mai zaman kansa a sashe na 19, haka barin ki da yara uku ba ci ba sha a sashe na 16, kowannensu yana iya kai mutum shekara 3 a gidan yari.

Na san ba ɗaurin uban 'ya'yanki kike nema ba, wurin kwana kike nema. Kusan duk matar da ta zauna a kujerar ofishina da haka take farawa: "Anti, ni ba na so a kulle shi." To abin da ya fi miki amfani a dokar shi ne umarnin kariya, wanda ake nema a Babbar Kotun Birnin Tarayya ƙarƙashin sashe na 28. Wannan ba shari'ar ɗauri ba ce. Takarda ce da kotu take kafa wa mutum iyaka da ita. Sashe na 31 ya ba alƙali ikon ya hana mijinki tare miki ƙofar gidan da kuke zaune tare. Yana iya hana shi kansa shiga gidan, ko shiga wani ɓangare nasa, idan ya ga hakan ne zai tsare ki. Yana iya ɗora masa biyan kuɗin haya ko da ba ya kwana a ciki, gwargwadon ƙarfinsa da naki, ya kuma sa shi ya ba ki kuɗin gaggawa na asibiti da abinci. Yana iya hana shi mayar wa mai gida da ɗakin a bayan idonki. Kin ga ke nan dokar ta juya abin da muka tashi muka tarar: mun saba wadda aka doka ita ke ɗaura zane ta fita da tsakar dare, a nan kuwa mai dukan ne za a iya cewa ya nemi wurin kwana. Idan alƙali ya ga hujja a fili, yana iya ba da umarnin wucin gadi tun kafin a kira mijin, kuma umarnin yana aiki a ko'ina cikin Najeriya, har Katsina. Wanda ya take shi yana fuskantar wata 6 a gidan yari ko tarar naira 300,000.

Maganar rasit ɗin nan ta tuna min da wata mai sayar da abinci a tasha da na taɓa tsaya wa. Ita ma shekara da shekaru ita ke biyan haya, sunan miji a takarda. Da ya kore ta, ya rantse ko sisinta bai taɓa shiga kuɗin gidan ba. Muka rasa yadda za mu yi, sai ta ce bari ta kira uwar adashinsu. Tsohuwar ta zo da wani littafin 'yan makaranta mai shafi arba'in, bangon duk ya sha manja, an ɗaure shi da kyauron roba. Ta lashi yatsa tana buɗewa, ta nuna ranar da matar ta yi kwasa, shekara uku a jere. Muka jera rasit ɗin hayar a gefe. Kowace shekara, kwana ɗaya ko biyu ne tsakanin kwasa da biya. Mijin ya daɗe yana kallon littafin nan bai ce uffan ba. A ranar aka rubuta sulhu cewa ita da yara za su zauna har hayar ta ƙare, wata bakwai, shi ya koma wurin ƙaninsa. A wata bakwai ɗin nan ta tara na wani ɗaki da sunanta. Saboda haka ki nemi uwar adashinku tun yanzu, ki nemi duk wani alat na banki ko saƙon waya da ke nuna kin ba shi kuɗin. Muhalli wajibin miji ne, kuma dukiyar mace tata ce a Musulunci, don haka in kin tabbatar ba kyauta kika yi ba, kina iya bin kuɗinki. Ki kuma samu wani dattijo ya raka ki wurin mai gidan, a sanar da shi halin da ake ciki. Ba shi da ikon watso kayan ɗan haya waje da hannunsa. Mai hayar shekara, in ba a rubuta wata yarjejeniya daban ba, notis ɗin wata shida ake ba shi, sannan na kwana bakwai, sannan kotu. In hayar ta zagayo kuma ke za ki biya, ki tura daga asusunki, a rubuta sunanki.

Abin da aka gaya miki game da Ingila gaskiya ne. Tun 2021 dokarsu ta sa wanda ya rasa matsuguni saboda cin zarafin cikin gida a sahun waɗanda dole ƙaramar hukuma ta fara sama wa wurin zama. Mu nan ba mu kai can ba, kuma ba zan yaudare ki ba. Tsarin mulkin 1999 ya ambaci samar wa kowane ɗan ƙasa muhalli mai kyau a sashe na 16, amma ya sa maganar a babi na biyu, sannan sashe na 6 ya hana kotu tilasta wa gwamnati cika abin da ke wannan babin. Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Maputo ta haƙƙin matan Afirka a 2004, wadda sashenta na 16 ya ce a ba mace damar samun muhalli ko tana da aure ko ba ta da shi, amma babu alƙalin da zai riƙe wannan ya sa minista ya miƙa miki makulli. Haƙƙin da za ki iya kamawa da hannu yau a kan mijinki yake. Na wuyan gwamnati kuwa taimako ne na ɗan lokaci, a gidajen fakewa da ba su taka kara sun karya ba. Na farkonsu ma wata ƙungiya mai zaman kanta ce, Project Alert, ta buɗe shi a Legas a 2001. Wannan abu yana ci min rai ƙwarai. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 36 cikin ɗari na matan da suka taɓa aure sun gamu da cutarwa daga miji, ta duka ko ta shimfiɗa ko ta baƙar magana, kuma fiye da rabin matan da aka ci zarafinsu ba su taɓa neman taimako ba. Ni na san dalili ɗaya da ke rufe musu baki, don kullum ina jin sa: "In na fita ina za ni?"

Tunda aurenku na Musulunci ne kuma bai sake ki ba, kina da ƙofa ta biyu a kotun yanki, Eriya Kotu. Matar da ta gudu daga duka ba nashiza ba ce, wato mai bijire wa miji, ci da sha da tufa da muhallinta suna nan a wuyan miji. Balle ke da ba ki ƙi komawa ba, shi ya kulle. A Mukhtasar na Shehu Halil, wanda alƙalanmu suke hukunci da shi, an ce idan miji ya ƙetare iyaka alƙali ya tsawatar masa, ya kuma zaunar da matar a tsakanin mutanen kirki in ba a cikinsu take ba, domin su zama ido a kan abin da ke faruwa. In cutarwar ta tabbata a fili, tana da damar a raba auren ko da shaidu ba su ce ya maimaita ba. Ba sai kin biya shi komai ba.

Ga ra'ayina, ke kuma ki auna. Kada ki koma ki kwana ɗaki ɗaya da mutumin nan don kawai an buɗe kwaɗo. Wanda ya fara da mari ya kai ga bel, kuma lokacin da mace ta fara kai ƙara shi ne lokacin da ya fi haɗari. Ki koma in kotu ta hana shi shiga, ko ki nemi a ɗora masa hayar wani ɗakin. Abin da ya fi gaggawa shi ne keken nan, don shi ne abincin 'ya'yanki, da ɗinkunan mutane kafin su fara sallama a ƙofar maƙwabciya. Sashe na 32 ya ɗora wa 'yan sanda su raka ki ki kwashi kayanki, su kai ki asibiti, su sama miki hanyar zuwa wurin da za ki tsira. In wani a kanta ya ce miki "maganar miji da mata ce, ku je ku sasanta," ki nemi ganin jami'ar da ke kula da ƙorafin mata da yara, ko ki wuce hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane, wadda ita dokar ta damƙa wa aiwatar da ita a Abuja, tana kuma da wurin saukar mutane na ɗan lokaci. Lauyoyin ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da na hukumar taimakon shari'a ta Legal Aid Council ba sa karɓar kuɗin wanda ba shi da hali, ƙungiyar kare haƙƙin mata ta WRAPA ma a Abuja take kuma ta daɗe tana wannan aiki. Ki kira yayanki ki gaya masa komai, har da bel ɗin. Ɗaki ɗaya ne da shi, na ji, amma waliyyinki ne, kuma zamansa kusa da ke a kotu yana da nauyi.

TAMBAYA

Malama Barista, sallama irin ta addinin Musulunci. Ni tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, na yi ritaya, ina zaune a Zariya. 'Yata ta dawo gida wata biyu da suka wuce da karaya a hannu, mijinta ne ya yi mata. Ya ce ba zai sake ta ba sai an mayar masa da sadakinsa. Na sayar da masarar da na ajiye ta cin shekara na biya shi, ya rubuto takarda. Tana da yara biyu da cikin wata huɗu. Gidana ɗaki uku ne, mu goma sha ɗaya. Wani malami a unguwarmu ya ce wajibi ne ta koma ɗakinta ta yi idda. Ni kuwa tsoro nake kada a kawo min gawa. Dole ne in mayar da ita? Kuma wa shari'a ta ɗora wa muhallinta?

Wani uba, Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam, Baba. Allah Ya ƙara girma, Ya saka muku da alheri da kuka buɗe mata ƙofa. Da yawa daga cikin matan da nake gani, ƙofar gidansu ce ta fara rufewa kafin ta kowa, a ce "ki koma ki yi haƙuri, haka kowa ta zauna."

Malamin bai yi kuskure a asalin hukuncin ba, sai dai ya tsaya a rabi. Aya ta farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce kada ku fitar da su daga gidajensu, su ma kada su fita. Ku duba lafazin, Baba: "gidajensu" aka ce, aka jingina gidan ga matan, alhali miji ne ya gina ko yake biyan haya. Aya ta shida ta ce ku zaunar da su inda kuke zaune gwargwadon samunku, kada ku cutar da su don ku ƙuntata musu. Zaman idda a ɗaki kariya ce aka yi wa mace don kada a wayi gari an watsa ta titi. Mu ne muka juya abin, har ya zama al'ada takardar saki tana hannun dama, Ghana-mas-go tana hannun hagu. Ranar da aka tuna da ayar kuma, sai a tuna da ita don a tura yarinya wurin wanda ya karya mata hannu.

Inda ake tsoron cutarwa, mace tana iya sauya wurin idda. A Sahihu Muslim, Faɗimatu bintu Ƙais ta gaya wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa mijinta ya sake ta saki uku kuma tana tsoron a afka mata, sai ya umarce ta ta tashi, ta yi iddarta a gidan Ibnu Ummi Maktum. Malaman Malikiyya sun halatta tashi saboda uzuri irin tsoron rushewar gini ko mugun maƙwabci. To ina ga wanda ya riga ya yi karaya? Sannan hul'i, wato sakin da aka fansa da dukiya kamar na 'yarku, saki ne mai yankewa, ba shi da kome sai da sabon ɗaurin aure. Yanzu shi ba mijinta ba ne, bai halatta su kaɗaita ba. In ma za ta zauna a ɗakin, shi ne zai kauce. A Muwaɗɗa an ruwaito Abdullahi ɗan Umar ya saki matarsa a gidan Nana Hafsa, gidan yana kan hanyarsa ta zuwa masallaci, sai ya riƙa zagayawa ta bayan gidaje don kada ya shiga mata, har ranar da ya mayar da ita. Wannan fa saki ne mai kome. Saboda haka kada ku mayar da ita. Ku je kotun shari'a ku bayyana uzurin, da takardar asibiti da hoton ƙashi, alƙali ya tabbatar da inda za ta zauna.

Wa zai biya? Mijin. Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda na tabbata kun bi ta a zaure, ta ce muhalli haƙƙin kowace sakakkiya ce da aka tare da ita. Ciyarwa ce aka taƙaita ga mai saki mai kome da mai ciki. 'Yarku tana da ciki, don haka iddarta sai ta haihu, kuma har zuwa ranar muhalli da ciyarwa duka suna kansa. Ku nemi alƙali ya yanka masa kuɗin hayar ɗaki kusa da ku, ko ya ƙiyasta abin da zai riƙa bayarwa in a gidanku za ta zauna.

Masararku ma ba ta tafi ke nan ba. A wannan littafin dai an ce mace tana iya fansar kanta da sadakinta in ba cutar da ita ake yi ba. In kuwa saboda cutarwa ta fanshi kanta, a mayar mata da abin da ta bayar, sakin kuma ya tabbata. Wannan hukunci mutane da yawa ba su san shi ba, shi ya sa wasu mazan suka mai da duka hanyar karɓo sadaki. Ku duba takardar da ya rubuto da kyau, kada a ce an cusa cewa ta yafe ciyarwar ciki ko ta bar masa yara. In akwai haka, ku nuna wa alƙali, ku ce a ƙarƙashin cutarwa aka karɓa.

Bayan haihuwa ne maganar take yin wuya, kuma gara ku sani tun yanzu. Idda tana ƙarewa, haƙƙin muhallinta na ƙashin kanta a kan tsohon miji ya ƙare. Abin da ya rage shi ne na 'ya'ya. A mazhabarmu riƙo na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, muddin uwar ba ta yi wani auren ba ko wani dalili ya kawar da riƙon. Ci da tufa da maganin yaran a kan uba suke, har da kason wurin kwanansu gwargwadon yadda alƙali ya gani. Ku roƙi a rubuta wannan kason daban a cikin hukunci, da adadi, da ranar biya. In aka dunƙule shi cikin "kuɗin abinci" sai ya narke.

Akwai wata ruwaya a Muwaɗɗa da nake so kowane mai mulki a Arewa ya ji. An tambayi Sa'idu ɗan Musayyib game da matar da aka saka tana gidan haya, wa zai biya? Ya ce mijinta. Aka ce in ba shi da shi fa? Ya ce ita. Aka ce in ita ma ba ta da shi? Ya ce to sai sarki. Tun ƙarnin farko na Hijira malamin Madina ya faɗi wannan. A Alƙahira kuma, a 1285 miladiyya, 'yar Sarki Baibars ta gina Ribaɗin Bagadadiyya, inda ake saukar da matan da aka saka ko mazansu suka ƙaurace musu, a ƙarƙashin kulawar wata malama, har su yi aure ko su koma ɗakinsu. Saboda haka in na ji ana cewa gidan fakewar mata baƙon abu ne da Turawa suka kawo don a raba aure, raina yana ɓaci. Muna da hukumomin zakka da waƙafi a jihohinmu, muna da attajiran da ke gina masallaci a layin da ke da masallaci uku. Ɗaki goma da rijiya da dattijuwa mai amana a kowace ƙaramar hukuma ba su fi ƙarfinmu ba.

Karayar kuma laifi ce da ba ta faɗi don an yi saki. Jihar Kaduna ta yi tata dokar VAPP a 2018, Bauchi ta bi a 2020, Jigawa a 2021, kowace da nata lambobin sashe da adadin tara. A nan Zariya akwai cibiyar Salama a asibitin Gambo Sawaba, suna duba waɗanda aka ci zarafinsu kuma suna haɗa su da lauya. Ku kai ta, ko don cikin nan a duba lafiyarsa.

TAMBAYA

Hajiya, ina wuni. Ni ce irin maƙwabciyar da ake gudowa ɗakinta. Matar ɗakin da ke jikin nawa ta kwana uku a wurina bayan mijinta ya shaƙe ta. Yanzu yana cewa zai yi ƙarata ni da maigidana wai mun ɓoye masa mata mun hure mata kunne. Maigidana ya tsorata. Za a iya kama mu?

Maman yara, Rigasa, Kaduna

AMSA

Lafiya lau, 'yar'uwa. Ki kwantar wa maigidanki da hankali. Babu laifi a kan wanda ya ba babbar mace mai hankalinta wurin kwana da yardarta bayan ta gudo daga duka. Laifin janye matar aure da ke cikin kundin laifuffuka na Final Kod yana buƙatar a tabbatar da niyyar fasiƙanci, wannan kuwa matar aure ce ta sauki maƙwabciyarta. Amma barazanar tana iya zama wahala in kuka yi shiru, don wanda ya riga kai ƙara shi ake fara saurara. Yau ɗin nan maigidanki ya je wurin mai unguwa ya shaida masa, ku kira iyayenta ko waliyyinta, ita kuma ki raka ta caji ofis ta ba da bayani da bakinta cewa ita ta zo, ba a riƙe ta ba.

Shaƙewa ta fi duk wani duka ba ni tsoro, domin wanda ya kai hannu wuya ya kusa kisa, kuma illar tana iya fitowa bayan kwanaki ko da ba a ga tabo ba. Ki kai ta cibiyar Salama ta asibitin Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada. Bango ɗaya ne tsakaninku da shi, don haka ɗakinki ba wurin daɗewa ba ne, a nema mata inda bai sani ba, kuma kada a faɗa a tsakar gida.

Ki kuma riƙe abin da kika ji da abin da kika gani. A fiƙihun Malikiyya ana tabbatar da cutar da mace da shaidu, ana kuma tabbatar da ita da labarin da ya bazu tsakanin maƙwabta, saboda malamai sun san ba a gayyatar mutane kallon duka. Ki samu takarda ki rubuta ranar da ta shigo, da ƙarfe nawa, da yadda muryarta ta dushe, da sunayen matan gidan da suka fito da suka ji ihu. In an kira ki kotu, ki tafi da takardar.